Tambaya da Amsa: Zaman natsuwa irin na yoga, magani ne ko ibadar wasu?

Wasiƙu uku suka iso wannan fili a kan batu guda, saboda haka na haɗa su a fitowa ɗaya. Ta farko ce ta fi buƙatar dogon bayani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce, shekarata 46, ina zaune a Mabera. Bara na raka maigidana Indiya neman maganin ciwon ƙoda, muka yi wata biyu a asibiti. A can barci ya ƙaurace mini, gabana ya riƙa faɗuwa babu dalili, har wata ma'aikaciyar jinya ta lura, ta koya mini in zauna in rufe ido in bi numfashina na tsawon minti goma, ta ce wani sashe ne na yoga. Na ji sauƙinsa, na kuma ci gaba da yi bayan mun dawo gida. Ran nan yayar maigidana ta shigo ta tarar da ni a zaune, da na yi mata bayani sai ta ce wannan bautar Hindu ce, in tuba in bari. Tun daga ranar ban sake yi ba, rashin barcin kuma ya dawo. Shekara uku ke nan ina shan maganin hawan jini. Mene ne ainihin wannan abu? Yana magani da gaske? Ya halatta gare ni? Idan na dage da shi, zan iya ajiye ƙwayoyin?
Daga wata malama, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce wadda kuskure a cikinta yake iya kwantar da mutum. Kada ki ajiye maganin hawan jini, ko da kin ji jikinki wasai, ko da awo ya nuna jinin ya sauka, sai likitan da ya ɗora ki a kansa ya ce ki rage ko ki daina. Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama, mutum yana iya yawo da 170 bisa 100 yana ganin kansa garau, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye. Zaman da aka koya miki yana iya ɗan sauke jinin, shi ya sa a 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce ana iya haɗa shi da magani da sauran matakan kariya, amma ba ta ce ya maye gurbinsu ba. Ki ci gaba da shan ƙwayarki, ki rage gishiri da sinadarin ɗanɗano a miya, ki kuma riƙa zuwa awo.

Sai batun suna. Masu fassara da yawa suna kiran wannan abu “zuzzurfan tunani”, ni kuwa ban taɓa gamsuwa da wannan fassara ba, saboda a bakin Bahaushe tunani shi ne ciwon. Idan aka ce wance tunani ya yi mata yawa, kowa ya san ana nufin ta rame, ba ta ci, ba ta barci. To, yaya za a ce wa mai wannan hali ta ƙara zurfafa tunani? Abin da ake yi a wannan zama shi ne tattara hankali a kan abu ɗaya, a hana shi yawo, domin tunanin ya sami damar lafawa. Don haka zan riƙa kiransa zaman natsuwa.

Kalmar yoga daga harshen Sanskirit ta fito, tsohon harshen malaman Indiya, kuma tushenta yana nufin ɗaurawa ko haɗawa, irin yadda manomi yake ɗora wa shanun huɗa karkiya domin su bi kunya ɗaya maimakon kowane ya ja nasa wuri. Littafin da aka fi komawa gare shi a wannan fanni shi ne na wani malami mai suna Patanjali, wanda aka tattara fiye da shekara 1,500 da suka wuce, ɗan ƙaramin littafi mai gajerun jimloli 196 a cikin babi huɗu, ko da yake wasu kwafe-kwafen 195 suke da su. Tun a jimla ta biyu ya faɗi abin da yake nufi da yoga, ya ce ita ce tsayar da kai-kawon zuciya. Daga nan ya jera matakai takwas. Biyun farko galibinsu tarbiyya ce, wato barin cuta da ƙarya da sata da kwaɗayi, da kame kai, da riƙo da tsabta da wadar zuci. Na uku shi ne zama, na huɗu sarrafa numfashi, na biyar janye ido da kunne daga abin da yake ɗauke su, na shida tsayar da hankali a kan abu ɗaya, na bakwai ɗorewar wannan tsayuwa babu yankewa, wanda suke kira dhyana, na takwas kuma nutsewa baki ɗaya, wanda suke kira samadhi. Lanƙwashe-lanƙwashen jiki da ake nunawa a talabijin, waɗanda yawancin mutane suke ɗauka su ne yoga, ba su da yawan rabo a wannan littafi. Jimla uku kacal ya yi a kan zama, kuma abin da ya nema shi ne zaman ya kasance tabbatacce mai daɗi. Abin da ma'aikaciyar jinyar ta koya miki ɗan yanki ne daga mataki na huɗu da na shida.

Musulmi ba yau suka fara sanin wannan littafi ba. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci kimanin shekara dubu da suka wuce, sannan a wajajen 1030 ya kammala babban littafinsa a kan Indiya, inda ya bayyana aƙidun mutanenta kamar yadda su da kansu suke faɗarsu, bai kuma bi su ba. Na kawo wannan ne domin a garin Shehu da Bello, garin da Sarkin Musulmi Bello da kansa ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, bai dace a ce mun yanke wa abu hukunci daga jin sunansa kawai ba. Sanin abu kafin a hukunta shi gadonmu ne.

Idan kuwa aka san shi, za a ga cewa Yaya ba a banza ta tsorata ba, kuma ina so ki ba ta wannan haƙƙi. Yoga a wurin Patanjali hanyar tsira ce ta addini. Manufarta ta ƙarshe ita ce ruhi ya rabu da duniyar jiki, ya kuɓuta daga sake haihuwa bayan mutuwa sau da yawa, aƙidar da ta yi hannun riga da tamu ta mutuwa ɗaya da tashin ƙiyama da hisabi. Sautin nan na “Om” da ake rerawa a farkon darasi da ƙarshensa, wanda wasu masu koyarwa suke cewa sauti ne kawai mai sanyaya ƙirji, Patanjali da kansa ya ce shi ne lafazin da yake nuni ga Ishwara, abin bautarsu, ya kuma yi umarni a riƙa maimaita shi ana tuna ma'anarsa. Haka nan jerin motsin da ake kira surya namaskar, fassararsa gaisuwa ga rana ce, a wasu wuraren kuma ana haɗa shi da kiran sunayen ranar. Akwai inda ake kunna fitila a gaban gunki ko hoton malami, a sunkuya masa. Duk wannan ba namu ba ne, kuma Musulmi ba ya buƙatar dogon bincike kafin ya nisance shi.

Malaman ƙasashen da suke zaune tare da mabiya addinin Hindu sun riga mu fuskantar wannan tambaya. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda rere-reren da ayyukan bautar da suke cikinta, ta kuma nuna tsoron cewa ko motsa jikin zalla yana iya zama ƙofa. Bayan 'yan kwanaki firayim ministan ƙasar na lokacin, Abdullahi Badawi, ya ce Musulmi suna iya yi muddin babu rere-reren. A Janairun 2009 Majalisar Malaman Indunusiya ta rarrabe abin filla-filla, ta haramta yogar da ibada ce zalla, ta haramta wadda aka cakuɗa da zaman natsuwa mai ɗauke da kalmomin bauta da al'adun wani addini domin toshe kafa, ta kuma halatta wadda motsa jiki ce da horon numfashi don lafiya. A 2017 Saudiyya ta sanya koyar da yoga cikin wasannin motsa jiki da ake ba wa lasisi. Za ki lura cewa ko inda aka tsananta, abin da aka fi dubawa shi ne me ake faɗa, me ake nufi, wa ake girmamawa.

To, mu dubi abin da ke hannunki. Kin ce kina zama, kina rufe ido, kina bin numfashinki na minti goma. Ba ki ambaci wata kalma da kike rerawa ba, ba ki fuskantar rana ko hoto, ba ki kuma neman kusanci ga kowa da wannan zama. A fahimtata wannan yana cikin babin magani da al'ada, kamar tafiyar ƙafa da yamma ko gashin ƙashi, domin numfashi ba mallakar wani addini ba ne, kowane mai rai da shi aka halicce shi. Addininmu ma ya san cewa yanayin jiki yana taɓa zuciya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya yi fushi yana tsaye da ya zauna, idan fushin bai tafi ba ya kwanta, ya kuma mayar da mutumin nan da ya yi salla cikin gaggawa har sau uku, ya koya masa ya natsu a kowane rukuni. Duk da haka fatawa aikin malamai ce, kuma shawarata ita ce ki je wurin malamin da ke da Yaya kuka yarda da shi, ko maigida ya je a madadinki, a kwatanta masa aikin kamar yadda yake, daga zama har tashi. Idan aka tambayi malami ko yoga ta halatta, zai amsa a kan yogar da ya sani mai gunki da rere-rere, kuma yana da gaskiya. Idan aka ce masa ma'aikaciyar jinya ta koya wa mai faɗuwar gaba ta zauna ta sassauta numfashi ta ƙirga shi, zai amsa a kan abin da kike yi. Ita kuma Yaya, kada ki yi musu da ita. Ki gode mata a kan kishin addininki da ta yi, ki roƙe ta ta zauna ta ga yadda kike yi daga farko har ƙarshe, domin sau da yawa sunan ne yake firgita mutum, ganin ido kuma ya kwantar masa da hankali.

Yanzu ga tambayar ko yana magani. Jikin ɗan'adam yana da jijiyoyi masu aiki ba da umarninsa ba, kuma sun kasu biyu. Kashi ɗaya na shirin gudu ko faɗa ne. Idan kare ya taso miki a lungu, shi ne yake sa a zuba sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe. Ɗaya kashin na hutawa ne da narkar da abinci, babbar jijiyarsa kuma ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta ratsa wuya, ta sauka ga zuciya da huhu da hanji. Matsalar ita ce kashi na farko ba ya bambance kare da takardar kuɗin asibiti. Wata biyu kina kwana a kujera kusa da gadon majinyaci, a ƙasar da ba ki jin harshenta, kina jiran sakamakon gwaji kowace safiya, sai jikinki ya saba da zama cikin shiri, har yau kuma bai gama yarda cewa kun dawo gida ba. Ba za ki iya umartar zuciyarki ta rage bugu ba, amma numfashi yana hannunki, kuma duk lokacin da mutum yake fitar da numfashi bugun zuciyarsa yakan ɗan sassauta. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan aka rage shi zuwa kamar sau shida, aka kuma tsawaita fitarwa fiye da shaƙa, kashin hutawa ne yake samun rinjaye. Patanjali ma ya ambaci fitar da numfashi cikin hanyoyin kwantar da zuciya, ya kuma lissafa rawar jiki da rikicewar numfashi cikin alamomin hankalin da ya watse, abin da kowace mai faɗuwar gaba za ta gane.

Wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard mai suna Herbert Benson ya auna masu irin wannan zama, ya ga bugun zuciyarsu da numfashinsu da yawan iskar da jikinsu yake ƙonawa duk suna raguwa, ya wallafa littafi a kai a 1975. Abin da ya fi amfanarmu a aikinsa shi ne ya nuna cewa amfanin bai rataya ga kalmomin Sanskirit ba. Abu biyu ne suke aikin, wato maimaita abu ɗaya, numfashi ne ko ƙirga ko kalma, da kuma dawo da hankali cikin sauƙi duk lokacin da ya kuɓuce. Sai dai ba na so in sayar miki da abin fiye da kuɗinsa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum 3,515, suka tarar da hujja matsakaiciya cewa shirye-shiryen horon natsuwa suna rage fargaba da baƙin ciki da jin zafin ciwo, ba su sami isasshiyar hujja a kan barci ba, ba su kuma ga cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Ke nan taimako ne na gaske amma mai iyaka, kuma duk wanda ya ce miki zai warkar da ƙoda ko ciwon suga ko ya buɗe miki wani ido na ɓoye, ki kama gabanki.

Na san wannan zama da jikina. Shekarar da mahaifina ya yi doguwar jinya, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake haura maki 40 har bangon ɗaki ya riƙa huci da tsakar dare, nakan farka ƙarfe biyu in kasa komawa. Sai in fito tsakar gida in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, in jingina da bango, in ɗora hannu a ciki, in fara ƙirga. Ban taɓa kai numfashi na huɗu ba sai in tsinci kaina a kantin magani ina lissafin kuɗin allura, ko ina maimaita wata magana da likita ya faɗa da rana. Makon farko na ɗauka na kasa. Daga baya na gane cewa dawowar ita ce aikin. Wanda ya taɓa sayo jar akuya daga Kara ya ɗaure ta a turke ya san yadda take yi a kwanakin farko, ta fizga nan, ta fizga can, ta yi kuka, igiya ta dawo da ita. Ba dukanta ake yi ba, ba kuma sakinta ake yi ba, har ranar da za a fito a tarar da ita kwance kusa da turken tana tuƙa. Numfashi shi ne turken. Sai da na yi kusan mako uku kafin na lura cewa ina komawa barci kafin kiran assalatu.

Ga yadda nake ba ki shawara ki yi, idan malam ya ba ki dama. Ki zaɓi lokaci ɗaya da ba ya canzawa, ko bayan kin idar da asuba da azkar ɗinki kafin yara su tashi, ko bayan isha'i. Ki zauna a tabarma ki jingina, ko a kujera ƙafafunki a ƙasa, bayanki a miƙe ba a sandare ba. Babu buƙatar naɗe ƙafa irin ta hotuna, musamman ga mai ciwon gwiwa. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, cikinki ya taso ƙarƙashin tafin hannunki, sannan ki fitar a hankali kina ƙirga shida. Idan kin ji jiri ko ƙunci, ki bar ƙirgar ki koma numfashinki na kullum, ki bi shi kawai da hankali. Tunanin cefane da kuɗin makaranta da ranar komawa asibiti za su zo, kuma zuwansu ba laifi ba ne, da kin farga sai ki dawo, ba tare da kin zargi kanki ba. Ki fara da minti biyar, bayan mako ki kai goma. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Asabar, kuma shi kansa Patanjali ya ce horon ba ya kafuwa sai an daɗe ana yi babu yankewa. Akwai wasu nau'o'in numfashin yoga na fizga da sauri, da na riƙe numfashi tsawon lokaci, waɗanda za ki gani a bidiyon intanet. Mai hawan jini da mai ciki da mai ciwon zuciya su bar su. Lokacin hunturu kuma, idan ƙura ta toshe hanci, ki yi a ɗaki, ki fitar ta baki.

Abu ɗaya nake so ki kiyaye, kuma shi ya fi damuna a duk wannan magana. Kada wannan zama ya ci gurbin zikiri, kada kuma ki mayar da zikiri ƙwayar barci. Allah Ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa da ambaton Allah zukata suke natsuwa, kuma wannan natsuwa ta imani ta fi ƙarfin abin da na'ura take aunawa. Zikiri ibada ne, yana da lafuzzansa da ladubbansa da malaman da ake koyonsa a wurinsu, don haka ban ba ki shawarar ki ƙirƙiro wani sabon tsari na haɗa shi da ƙirgar numfashi ba. Ki bar kowanne a muhallinsa, shi ya sa ma na ce tabarma ban ce darduma ba. Abin da na gani a kaina, kuma nake fata ki gani, shi ne wanda ya saba dawo da hankalinsa sau hamsin a zaune yakan fi saurin farga idan hankalin ya tafi kasuwa a raka'a ta biyu.

Kafin in bar ki, idan kika koma awo ki gaya wa likita batun faɗuwar gaban da rashin barcin, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da sauyin jiki na shekarun ɗaukewar al'ada duk suna kawo irin wannan, kuma gwaji ne yake rarrabe su. Goro da shayi mai kauri da kofi bayan la'asar su ma ki ajiye su.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba na iya karanta shafi biyu ban ɗauki waya ba. Na sauke wata manhaja mai koyar da zaman natsuwa, amma da na rufe ido sai barci ya kwashe ni. Ina kuskuren yake?
Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

AMSA: Ɗana, barcin da yake kwashe ka bashi ne jikinka yake karɓa. Baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai, wanda kuwa yake kan waya har ƙarfe ɗaya na dare ya tashi asuba bai samu ba, don haka ka fara biyan wannan bashi. Sannan ka daina yi a kwance ko bayan ka ci tuwo. Ka zauna a miƙe, idonka a buɗe kaɗan yana kallon wuri ɗaya a ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Manhajar kuma ka cire ta daga wayar, domin maganin da yake zaune cikin abin da yake ɗauke maka hankali zai riƙa mayar da kai can, wasunsu kuma suna cusa rere-reren da na yi bayani a sama. A jerin Patanjali janye ido da kunne ya riga tsayar da hankali, kuma gardawan da suke hadda a tsangaya sun san haka tun ba yau ba, shi ya sa suke fita bayan gari da allonsu. Ka bar wayar a ɗaki, ka tafi ɗakin karatu da littafi da biro, ka yi numfashi goma a natse kafin ka buɗe shafin farko.

TAMBAYA: Malam, mu mutanen gabashin Sakkwato ne, rashin tsaro ya dawo da mu cikin gari. Ƙanena ya yi kwanaki a hannun 'yan bindiga kafin a sako shi, yau wata huɗu ke nan. Ba ya barci, yana firgita idan babur ya wuce, ba ya son shiga mutane. Wani ya ce a koya masa zaman rufe ido. Zai taimaka?
Daga wani ɗan kasuwa, Sakkwato.

AMSA: Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba, Ya ba shi lafiya, Ya mayar da ku gidajenku cikin aminci. Kada a sa shi zaman rufe ido shi kaɗai. Ga wanda ya ga abin da ƙanenka ya gani, shiru da duhu su ne suke dawo da dajin, kuma irin wannan zama yana iya tayar masa da abin maimakon ya kwantar. Alamomin da ka lissafa, tun da sun wuce wata guda, ciwo ne sananne da yake biyo bayan tashin hankali mai tsanani, likitoci suna da hanyoyin maganinsa na zantawa da na ƙwaya, kuma mutane suna samun sauƙi. Ka kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san yadda sunan Kware yake da nauyi a bakin mutanenmu, amma ƙanenka ba mahaukaci ba ne, rauni ne aka yi masa a inda ido ba ya gani, kuma addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti.

Kafin ku je, idan firgitar ta taso masa, ka zauna kusa da shi inda yake ganinka, idonsa a buɗe, ƙafarsa a ƙasa, ka kira sunansa, ka gaya masa inda yake da ranar da ake ciki, ku fitar da numfashi tare a hankali. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya faru, kada kuma a ce masa ya zama namiji ya manta. Idan ka ji yana cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.